Kwalin Mai Leƙe

Ina da wani ɗan hali da ban taɓa rubuta shi a takardar neman aiki ba: ba na iya wuce takardar wani ban karanta ba. In ka manta wasiƙa a bakin firinta, to ka ɗauka mu biyu muka san abin da ke ciki. In kana gabana a layi riƙe da fom, kafin a zo kanka na san shekarar haihuwarka da wanda ka rubuta a matsayin magaji. Ba na faɗa wa kowa, wannan kam a yi mini shaida. Karantawa kawai nake yi, kamar yadda wasu ke taunar murfin biro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, takardar da aka miƙo mini aka ce tawa ce, in karanta, ba ta taɓa yi mini daɗi ba. Ta wani ce take da gishiri.

Da wannan hali na yi shekara ashirin da biyu a wani kamfanin inshora, goma sha bakwai daga ciki ina jami'in kare bayanan sirri.

In an gayyace ni taro nakan ce tun ina ƙarami nake kishin sirrin jama'a. Gaskiyar ita ce, lokacin da dokar kare bayanai ta fito, wani ya buga ta a ofishinmu, shafi tamanin da huɗu, ya manta ta a firinta. Na ɗauka zan ci karo da wani abin gulma, shi ya sa na karance ta tsaf. Bayan mako biyu manaja ya tara mu ya ce doka ta tilasta wa kamfani ya naɗa jami'i, wa ya san abin da ke cikinta? Kowa ya sunkuyar da kai yana duba farcensa. Ni kuwa bakina ya suɓuce na ce sashe na tara ne ya yi maganar. Kafin in rufe baki an ba ni ofis mai ƙofa.

Na riƙe aikin da hannu biyu. Na ƙirƙiro fom na yarda kala goma sha ɗaya. Ba a ɗaukar lambar wayar mutum sai ya sa hannu, ba a ɗaukar hotonsa a walimar ofis sai ya sa hannu, ko jerin masu zuwa duba marar lafiya sai kowa ya sa hannu cewa ya yarda a san zai je. Ma'aikata suka raɗa mini suna Sa-Hannu. Suna tsammanin ban sani ba, alhali a wata takarda da aka manta a firinta na fara ganin sunan.

Na kuma sa aka sayo injin yayyaga takarda, ƙato, mai tsayin ƙugu, aka ajiye shi a ƙarshen baranda. Shi ma bai tsira ba, suka ce masa Akuya, don komai ka ba shi ci yake yi. Sannan na kawo ƙa'idar da na fi alfahari da ita: duk takardar da ke ɗauke da bayanan mutum, in ta wuce shekara biyar, a ba Akuya. Ranar da na gabatar da ita, shugabar sashen ma'aikata, wata baiwar Allah mai tabarau da sarƙa wadda kowa ke kira Mai Fayil, ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, har da fayil ɗin ma'aikatan da ke bakin aiki?"

Na dubi taron, na gyara tsayuwa, na ce, "Har da nawa."

Aka tafa. Na yi kwana uku ina jin daɗin wannan amsar.

Amma abin da ya fito da ni duniya ba Akuya ba ne, wani dattijo ne mai shagon kwafi a tsallaken ƙofar kamfaninmu. Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin kantin magani da mai gyaran agogo. Tun kafin in fara aiki yake nan. Duk lokacin da injinmu ya lalace, wato kusan kullum, wurinsa ake zuwa. Gilashin injinsa yana da wani tsohon karce, don haka duk takardar da ta fito daga shagon tana ɗauke da siririn baƙin layi a gefen hagu, daga sama har ƙasa. Kowa a unguwar ya san layin nan kamar yadda ya san fuskar maƙwabcinsa.

Shekara shida da suka wuce na lura da wani abu. Duk takardar da aka kawo masa, sai ya fara buga ɗaya ta gwaji, don ya ga ko tawada ta zauna. Ya ba ka masu kyau, ita kuma ta gwajin ya jefa ta bayansa cikin kwali. Na tambaye shi ina yake kai su. Ya ce ba ya kai su ko'ina.

Washegari na manna sanarwa a ƙofar kamfani, da manyan haruffa, cewa an haramta wa ma'aikata kai takarda shagon da ke tsallake. Daga nan na mayar da shi lacca. "Labarin Mai Kwafi" na ba da shi a otal-otal fiye da sau talatin, a gaban mutane masu rataye da kati a wuya, ana ta gyaɗa kai ana buɗe ruwan gora. Nakan rage murya in ce, "'Yan uwa, haɗarin ba ya cikin kwamfuta. Yana ƙarƙashin matakala." Nan ake tafi. Da wannan jimla na samu lambar yabo biyu da kujera a kwamitoci huɗu.

To, sai hukumar da ke kula da bayanan jama'a ta yi shelar neman sabon shugaba. Shekarata hamsin da huɗu. A kamfani na kai inda zan kai, ofis mai ƙofa ne dai har yau, sai dai an ƙara mini fanka. In wannan ta wuce ni, babu wata a baya. Na cike fom ɗin nema mai shafi tara, na sa hannu a duk inda aka yi alama, ban tsaya karanta ƙananan rubutun ba, tunda tawa ce. Na shiga cikin mutum uku na ƙarshe.

Ranar Litinin aka yi ganawar. Shugabar kwamitin tsohuwar mai shari'a ce, 'yar ƙaramar mace mai jan biro, wadda ke kallon mutum kamar ta riga ta san hukuncinsa tana jiran ya gama magana ne kawai. Na ba su labarin Mai Kwafi. Sauran suka gyaɗa kai. Ita kuwa ta ɗan yi wani murmushi da ban gane kansa ba.

"Ka ce shekara goma sha bakwai kana wannan aiki," in ji ta.

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Sharaɗinmu goma sha biyar ne, da shaida a rubuce. Takardar ɗaukar aiki, takardar naɗi, takardun ƙarin girma. Ka kawo wa sakatare kafin ƙarfe huɗu ranar Alhamis. Wanda bai kawo ba, ya cire kansa."

Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi.

Da safiyar Talata na shiga ofishin Mai Fayil ina 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Ta saurare ni, ta miƙo mini fom na bakwai, na neman ganin bayanan kai. Ni na tsara shi. Na cike. Ta nemi katin shaida. Na ce, "Haba, shekara ashirin muna gaisawa."

"Kai ka ce sanin fuska ba shaida ba ne, yallaɓai. Yana shafi na uku."

Na ba ta katin. Ta duba hoton, ta dube ni, ta sake duba hoton, sannan ta buɗe kabad ta ɗauko fayil ɗina. Sirara ne kamar an yi masa jinya. A ciki akwai takardun hutu na shekara biyar, da wata wasiƙa game da fankar.

"Ina sauran?"

Ta nuna ƙarshen baranda da haɓa.

"Kin ba Akuya takardar naɗina?"

"Tun shekarar da aka kawo ta. Da naka na fara, don in ba da misali. Ai ka ce har da naka. Na ma rubuta maganar na manna a nan." Ta juya mini gefen kwamfutarta. Ga ta nan kuwa a 'yar takarda mai ruwan ɗorawa, har ta koɗe.

Na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Na ce to ta rubuta mini wasiƙa kawai, cewa na yi shekara goma sha bakwai a wannan muƙami.

"Da wace hujja? Abin da ke fayil shi zan iya shaida. Shekara biyar."

"Kina nan aka naɗa ni! Ke kika kawo lemo!"

"Wannan ƙwaƙwalwata ce, yallaɓai, ba rumbun kamfani ba ce. Kai ka koya mana bambancin."

Na tambayi tsohuwar kwamfuta. Ta tuna mini cewa ni na tsaya a kai aka goge ta, har aka ɗauke ni hoto ina riƙe da guduma. Na tambayi manajan da ya naɗa ni. Allah ya yi masa rasuwa. Na yanzu shekararsa uku, kuma har yau yana kirana da sunan wani. Abin da kawai za ta iya ba ni shi ne takardar shaidar lalatawa, wadda ke cewa an ba Akuya fayil ɗari biyu da goma sha biyu a rana kaza. Babu suna ko ɗaya a jiki, don sunaye bayanan sirri ne.

Tana raka ni ƙofa idonta ya ɗan kawo ruwa. "Ban taɓa karya ƙa'idarka ko sau ɗaya ba," in ji ta. Na ce na gode. Me zan ce? Ita ce ɗalibar da na fi ji da ita.

Ban tsorata sosai ba, don ina da nawa a gida. Wato na taɓa samun nawa a gida. Shekara takwas da suka wuce na dawo daga wani taro jinina yana tafasa da ilimi, na ɗauki hoton duk takarduna na zuba a filash, na kulle shi da kalmar sirri mai harafi ashirin da huɗu, sannan na kai takardun ofis na ba Akuya da hannuna. Kalmar kuwa ban rubuta ta ko'ina ba, don rubuta kalmar sirri shi ne zunubi na farko a laccata.

Da yamma na zauna a falo da kwamfuta a cinya. Filash ɗin yana ba mutum dama goma, in ya kuskure duka ya goge kansa. Ni na zaɓi wannan tsarin. Ina kan ta shida matata ta shigo da kwandon wanki ta tsaya a kaina.

"Baban yara, me ake yi haka da gumi?"

Na yi mata bayani a taƙaice.

"Ka gwada ranar haihuwata."

"Ƙa'ida ta hana amfani da ranar haihuwar iyali."

"Ba ƙa'ida ba ce ta hana ka. Faɗi ranar in ji."

Na ce ba wannan ne a gabanmu ba yanzu.

Ta ajiye kwandon ta zauna tana naɗe kaya. "Ni dai na ce maka ka bar mini takardun nan in sa a ƙasan akwati tare da na yara. Ka ce akwatina ba shi da matakan tsaro. Yau shekara ashirin da shida ko rasit bai ɓata a cikinsa ba. Katin rigakafin babbar 'yarka yana nan, ita da ke da 'ya'ya biyu."

Na gwada ta bakwai. Na gwada ta takwas. Na tuna akwai sunan wani tsuntsu a ciki, da alamar tambaya, amma wane tsuntsu?

"Ka je wurin mutumin nan mana," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

"Wane mutum?"

"Wanda ka ci abinci da sunansa shekara shida. Na ƙarƙashin matakala."

Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan je ba. Na ce akwai abin da ake kira mutunci. Ta ce haka ne, akwai shi, ta ga ina ta gwada shi a kwamfuta bai buɗe ba. Ta ɗauki kwandonta ta fita. Na gwada ta tara, da shamuwa. Ta goma ban gwada ba. Har yanzu tana nan, ina ajiye da ita saboda tsufa.

Ranar Laraba da hantsi na ajiye mota nesa, na zagayo ta bayan kantin magani don kada masu gadinmu su gan ni. Suka gan ni. Har ɗaya ya ɗago mini hannu.

Dattijon yana zaune a kan kujerar roba yana cire ƙarfen da ya maƙale a wata takarda da farce. Shagon bai sauya ba: injin, fanka mai kai ɗaya da ba ta juyawa, warin tawada mai zafi, da wani labule a bayansa. Daga inda yake zaune ana hango sanarwata a ƙofar kamfani, rana ta cinye rabin haruffan.

"Sannu da aiki, Baba."

Ya ɗago a hankali. "A'a! Yallaɓai da kansa? Ka yi hankali fa, haɗarin yana ƙarƙashin matakala."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ashe labari ya iso shi.

"Labari? Ai ni na buga laccar. Kwafi sittin. Injinku ya lalace ranar, direbanku ya kawo da gudu. Na karanta ina bugawa. Ta yi kyau, wallahi. Sai dai ka ce ina da ido kamar na mujiya, wannan ne matata ba ta ji daɗi ba."

Mujiya. Na tsaya cak. Amma ba wannan ne ya kawo ni ba, kuma saura dama ɗaya.

Na yi masa bayani. Na yi ƙoƙarin in sa abin ya yi kama da bincike na aiki, amma ina kaiwa tsakiya muryata ta koma irin ta mai neman alfarma. Ya saurara har na gama, yana kaɗa ƙafa.

"To ai ni ba na ajiye bayanan kowa," in ji shi. "An hana. Akwai sanarwa."

"Baba, don girman Allah."

"Takarda nake ajiyewa. Ta gwaji. Tawa ce, tawadata ce. Da farko don in riƙa rubutu a bayanta nake tarawa. Sai wata mata ta zo tana kuka, gobara ta cinye takardar gidanta. Na duba, na samo mata. Wani ya zo, ruwa ya tafi da ta makarantarsa. Tun daga nan na daina rubutu a baya. Mutane ba sa sanin takarda tana da rai sai ta mutu."

Ya buɗe aljihun tebur ya zaro wata takarda ya miƙo mini da biro. Fom na bakwai ne. Nawa. Da baƙin layi a gefen hagu.

"Wannan ma daga wurinku na koya. Yana da amfani ƙwarai. Cike. Ka kawo katin shaida."

Na cike a tsaye, a kan murfin injin, mai gyaran agogo yana leƙowa. Dattijon ya karanta amsoshina ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ce na bar gurbin dalilin nema a buɗe. Na rubuta "neman aiki". Ya ce in ƙara bayani. Na rubuta "na lalata nawa da hannuna". Ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya cika.

Sannan ya yaye labulen.

Ban san ƙarƙashin matakala yana da zurfi haka ba. Kwalaye ne na takardar kwafi, jere a kan katako tun daga ƙasa har inda rufin ya karkata. Babu suna ko ɗaya. A jikin kowanne an rubuta da baƙin alƙalami: Mai Tari. Gajeren Lauya. Matar Da Ke Ciniki. Tagwayen Banki. Mai Jan Babur Da Ƙanensa.

"Ni sunaye ba sa zama a kaina," in ji shi. "Fuska nake riƙewa. Ko ɓarawo ya shigo, ya nemi wa?"

Na tsaya ina kallo. A laccata akwai wani babi mai wuyar suna game da ɓoye sunan mutum a bayan laƙabi, wanda na yi shekara uku ina roƙon kamfaninmu ya aiwatar, ana ce mini babu kayan aiki.

Bai ko yi lalube ba. Ya miƙa hannu a layin farko, daidai kafaɗarsa, ya jawo wani kwali. Na lura sauran duk sun yi ƙura, wannan kuwa fes yake, kamar ba a daɗe da taɓa shi ba. Na ɗauka girmamawa ce. A jikinsa an rubuta: Mai Leƙe.

"Wannan ni ne?"

"Tun ranar farko. Ka kawo takardar ɗaukarka aiki, kana jira, kana karanta ta mutumin da ke gabanka. A juye ma take, amma ka karanta. Na ce wannan yaron zai yi nisa."

Komai yana ciki. Takardar ɗaukar aiki, da hotona ina da gashi. Takardar naɗi, da sa hannun marigayi manaja. Ƙarin girma na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa shekarar da na manna sanarwa. In aka haɗa da 'yan takardun Mai Fayil, shekara goma sha bakwai sun cika cif. Wasu sun yi duhu, wasu sun koɗe, amma ana karantawa.

A ƙasan su kuma akwai wata da na manta da ita sam. Takardar tuhuma ce, daga shekarata ta biyu a aiki. An kama ni ina karanta wasiƙar manaja a bakin firinta, an ba ni awa ashirin da huɗu in yi bayani. Na kawo ta nan ne don in haɗa kwafinta da amsata. Ta asali Akuya ta daɗe da yi mini maganinta, kuma in faɗi gaskiya, lokacin da nake tsara ƙa'idar shekara biyar, ta ɗan faɗo mini a rai.

"Wannan ba sai an buga ba," na ce.

"Taka ce. Yadda ka ce."

"Zan tafi da ita."

Ya ɗaga kafaɗa. Na ninke ta huɗu na cusa a aljihu.

Ya kunna injin. Kowace takarda ya aza, sai ya fara buga ta gwaji, ya ɗaga ta ga haske, ya jefa a kwalina, sannan ya buga mai kyau. Ina tsaye ina kallo, ni mai lambar yabo biyu. Sau goma sha ɗaya ya yi haka, sau goma sha ɗaya ina duba agogon mai gyaran agogo.

Da ya gama na tambaye shi me zan yi masa. Ya nuna tsallaken titi da baki.

"Takardar can. Ba don ciniki ba, mutanenku ba su taɓa daina zuwa ba, ta baya suke zagayowa kamar yadda ka yi. Jikata ce ta fara iya karatu."

Na tsallaka titi, na ɓamɓare sanarwar da makullin mota a gaban masu gadi. Gam ɗin mai kyau ne, ni na zaɓe shi. Sai da na yi minti ashirin. Daga nan na hau sama, na wuce ƙarshen baranda, na ba Akuya takardar tuhumar. Na tsaya har ta haɗiye. Rabon da in ji sanyi a raina irin na wannan lokacin, na manta.

Ranar Alhamis ƙarfe uku da rabi na miƙa wa sakataren kwamiti ambulan, na liƙe bakinsa da gam da salatif, na sa hannu a kan liƙin. Ya karɓa ya jefa a tire ba tare da ya dube ni ba.

Bayan mako uku aka kira ni. Na samu.

An yi 'yar walima a kamfani, kowa ya sa hannu kafin a ɗauki hoto. Mai Fayil ta yi jawabi ta ce ni mutum ne da ke rayuwa a kan abin da yake koyarwa. Matata ta karɓi takardar naɗin daga hannuna tun a mota, ta ce wannan kam akwati za ta. A jawabina na kama aiki na yi magana a kan gaskiya da riƙon amana, na ce tarihin aikina a buɗe yake, babu tabo. Labarin Mai Kwafi ne kawai na cire, na maye gurbinsa da wani game da kwamfuta, wanda ba a tafa masa sosai ba.

A rana ta uku a sabon ofis, mai ƙofa biyu, sakatare ya shigo da wasu fayiloli zai kai ma'ajiya, aka kira shi a waya, ya ajiye su a gefen teburina ya fita. Ban taɓa su ba. Na sama ne kawai ya ɗan zame, na ga lambar neman aikina a jiki. Fayil ɗin kwamiti ne, ba nawa ba, don haka ya yi mini daɗin karatu.

Shafin farko fom ɗina ne. A shafi na tara, saman sa hannuna, akwai ƙananan rubutu: na yarda hukuma ta nemi bayanaina daga duk inda ta ga ya dace. Na gane jimlar. Daga fom ɗina na huɗu aka kwafe ta, har da waƙafin da na sa a inda bai kamata ba.

Bayansa ga takardar ɗaukar aiki, da gashina. Ga takardar naɗi. Ga ƙarin girma uku. Kowace da siririn baƙin layi a gefen hagu, daga sama har ƙasa. Hatimin karɓa ya nuna sun iso kwana tara kafin in zagaya ta bayan kantin magani.

Ta ƙarshe ita ce takardar tuhumar. A gefenta, da jan biro, an rubuta: "A ɗauki wannan. Aƙalla yana karanta abin da ke gabansa."

Ambulan ɗin da na kai ranar Alhamis yana can ƙasan fayil ɗin, da salatif ɗinsa da sa hannuna. Ba a buɗe shi ba.